Gidan abinci mai adon 'yan fashin teku: me za a ci, me za a bari, nawa za a kashe

Duk lokacin da hutu ya gabato, tambayoyi kan taru daga masu shirin tafiya Amurka da iyali, da ɗalibanmu da ke zaune can, a kan gidajen abincin nan da ake ƙawatawa kamar jirgin 'yan fashin teku: baƙar tuta mai ƙoƙon kai, igiyoyi da gangunan katako, ma'aikata sun ɗaura ɗankwali sun rufe ido ɗaya, ana sayar da kifi da jatan lande da ƙaguwa da boga, wato burodi mai gasasshen niƙaƙƙen nama a tsakiya. Ga amsoshin waɗanda suka fi yawan maimaituwa.

Wani magidanci daga Kaduna: Zan kai maiɗakina da yara huɗu birnin Orlando na jihar Fulorida. Yara sun nace sai mun je gidan abincin 'yan fashin teku. Na duba intanet na ga wani na sayar da tikiti, wani kuma shiga kawai ake yi. Wanne ya fi?

Alhaji, iri biyu ne, kuma ba kasuwa ɗaya suke ci ba. Na farko gidan wasa ne da ake haɗa shi da abinci, irin su Pirates Dinner Adventure da ke Orlando da Buena Park ta Kalifoniya, ko Pirates Voyage da ke Myrtle Beach a Karolina ta Kudu. A nan tikiti kake saya tun kafin ka je, a zaunar da ku a kewaye da jirgi da tafkin ruwa, 'yan wasa su yi ta tsalle-tsalle da faɗan takobi, ana kawo abinci ana cikin kallo. Abincin an riga an tsara shi, kowa abu ɗaya yake ci, galibi kaza da wani nama, zaɓin ba shi da yawa. Na biyu gidan abinci ne kamar kowane, ado kawai aka yi masa, ka zauna a ba ka takardar jerin abinci ka zaɓi abin da ranka ke so. Irin wannan ya cika garuruwan gaɓar teku na Fulorida da Karolina, domin tarihin wurin ya ba su abin talla: a tsibirin Ocracoke na Karolina ta Arewa aka kashe shahararren ɗan fashin nan Blackbeard a 1718, birnin Tampa kuwa tun 1904 yake bikin Gasparilla, inda mutane ke shigar 'yan fashi su cika gari.

Idan kallo yaran suke so, ka sayi tikitin na farko, amma ka sa a ranka cewa kuɗin wasa ka biya, abincin rakiya ne. Ka kira su kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ka nemi a rubuta muku abincin marasa cin nama ko na kifi, don in an fara wasa, ma'aikaci ɗaya na hidimar layi guda na mutane, ba shi da sukunin tsayawa sauraron bayani. Ka kuma sani akwai ƙarar bindigar wasa da duhu da hayaƙi, yaron da bai kai shekara uku ba yakan firgita. Idan kuwa kifi mai kyau kuke nema, na biyun ya fi, kuma a nan ne za ka iya tambayar yadda aka dafa kowane abu. Iyalin da ke kula da abin da ke shiga cikinsu, shawararmu su ci a na biyu, su je na farko don kallo in aljihu ya yarda.

Wata Hajiya mazauniyar jihar Jojiya ta Amurka: An ce mini tunda kifi ne babu matsala, duk abin da ya fito daga ruwa halal ne. Haka ne? Me ya kamata in tambaya?

Hajiya, rabin maganar gaskiya ce. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, dabbar ruwa halal ce, kifi ne ko jatan lande ko ƙaguwa ko kawa, ba ta buƙatar yanka. Hujjar tana cikin suratul Ma'ida aya ta 96, da hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, shi ya sa za ki ga wasu 'yan Pakistan ko Turkiyya suna ƙin ƙaguwa a teburi ɗaya da ke. To amma matsalar ba daga teku take ba, daga kicin take. Kuma gidan da ya ɗauki adon 'yan fashi ya fi sauran haɗari ta wannan fuska, saboda barasar ram tana cikin abin da suke tallata kansu da shi, suna zuba ta a miya da kayan zaƙi da abin sha.

Fara da kwaɓin da ake tsoma kifi kafin a soya. Da yawa da giya ake kwaɓa fulawar, domin iskar da ke cikin giyar tana sa ɓawon ya kumbura ya yi ƙaras-ƙaras. A takarda za ki ga an rubuta "beer-battered", amma ba kullum ake rubutawa ba, musamman in an laƙaba wa abincin suna irin "kwandon kyaftin" ko "taskar jirgi". Waɗannan sunaye ba sa gaya miki komai, ƙananan rubutun da ke ƙasansu za ki karanta, in babu ki tambaya. Kifin da aka barbaɗe da garin masara ko garin burodi yawanci babu giya a jikinsa. Jatan landen da ake kawowa da ɓawonsa ki ɓare da kanki, sau da yawa a ruwan da aka zuba giya ake tafasa shi, haka ma ƙaguwar da ake turarawa irin ta Maryland. Abincin da ake kira "scampi" da farin ruwan inabi mai sa maye ake haɗa romonsa, miyar "bisque" kuma akan ɗiga mata wata barasar. Duk inda kika ga "rum" ko "bourbon" a sunan miya ko kek, ki wuce.

Za a ce miki wuta tana ƙone barasar. Ba ta ƙone ta duka. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna cewa abincin da aka zuba wa barasa aka kunna masa wuta yana riƙe kusan kashi 75 cikin ɗari nata, wanda ya yi minti 15 yana dahuwa yana riƙe kusan kashi 40, sai an kai awa biyu da rabi kafin ta sauka zuwa kashi 5. Kifin da aka tsoma a mai kuwa minti huɗu zuwa shida yake yi.

Sai alade, wanda ke ɓuya a inda ba a zato. Farar miyar nan mai kauri da ake kira "clam chowder" da kitsen alade ko soyayyen namansa ake fara ta a yawancin gidaje. Dafa-dukan da ake juyewa a kan takarda, mai jatan lande da masara da dankali, wanda a Karolina da Jojiya ake kira "Lowcountry boil", tsiran alade ne a cikinsa, kuma tukunya ɗaya aka tafasa su, tsince shi gefe ba ya gyara komai. A kudancin Amurka har wake da ganye da naman alade ake ɗanɗana su. Wani lokaci ana naɗe abincin teku da siririn naman alade a gasa, ko a barbaɗa gutsattsarinsa a kan salak da gasasshen dankali.

Abu na uku shi ne man suya da farantin gashi. Ƙaramin gida tukunyar suya biyu ko uku gare shi, kifin giya da dankali da kaza duk mai ɗaya suke shiga. Faffaɗan ƙarfen da ake gasa boga a kai, a gefensa ake soya naman alade, kitsen yana malalowa. Malamai sun yi bayani a kan wannan, kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi, amma ba za ki iya yanke hukunci a kan abin da ba ki sani ba. Don haka tambaya uku za ki yi kafin ki ce a kawo komai: akwai giya ko barasa a kwaɓin ko a miyar? Akwai alade a ciki? Za a iya dafa mini a kasko daban mai tsabta? Tambaya ta uku ba baƙuwa ba ce a wurinsu, kullum masu borin jini, wato waɗanda jikinsu ba ya karɓar wani abinci, suna yin ta. Abin da ya fi sauƙin tsira shi ne gasasshen kifi da man shanu da lemon tsami da tafarnuwa a kasko nasa, da ƙafafun ƙaguwa da aka turara da ruwa zalla, da shinkafa ko masara ko gasasshen dankali ba tare da an barbaɗa masa komai ba.

Game da abin sha, waɗanda ake zubawa a kofi mai siffar ƙoƙon kai ko ganga kusan duk da ram ake haɗa su. Ki ce a yi miki "virgin", wato babu barasa, ki kuma ɗanɗana na yara kafin ki miƙa musu, don a mashaya ɗaya ake haɗa duka, kuskure yana faruwa. "Root beer" da "ginger beer" lemo ne duk da sunansu, amma duk abin da aka sa wa "hard" a gaba, ko lemon tsami ne ko ruwan tuffa, mai sa maye ne.

Wani ɗalibi daga Zinder da ke karatu a Tampa: Ni ba na son kifi sosai, boga nake ci. Kullum sai sun tambaye ni yadda nake so a gasa, ni kuwa ban san me zan ce ba.

Ɗan'uwa, ka ce "well done", wato ya gasu har ciki. Dalilin ba na ɗanɗano ba ne kawai. Tsokar nama guda, ƙwayoyin cuta a bayanta suke, wuta na taɓa su sun mutu. Niƙaƙƙen nama kuwa injin ya riga ya cuɗa na waje zuwa tsakiya, don haka dole tsakiyar ta kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyas, wato 160 a ma'aunin da Amurkawa ke amfani da shi. A 1993 bogar da ba ta gasu ba ta sa mutum fiye da 700 rashin lafiya a yammacin Amurka sakamakon ƙwayar E. coli, yara huɗu suka rasu, daga nan aka tsaurara dokokin. Shi ya sa za ka ga gargaɗi da ƙananan haruffa a ƙasan takardar abinci game da cin ɗanye ko wanda bai gama dahuwa ba. In ka yanka ka ga tsakiya ja tana ruwa, ka mayar, ba a cajin ƙari a kan haka. Yaro da mai ciki da tsoho kada a ba su sai wadda ta gasu sarai.

Maganar yanka kuwa, naman shanun irin waɗannan gidaje ba yankan Musulmi ba ne sai in sun rubuta. Akwai malaman da suka sawwaƙe bisa aya ta 5 ta suratul Ma'ida, akwai waɗanda suka hana saboda yadda mayankan zamani ke aiki. Ka tsaya a kan fatawar da ka gamsu da ita. In kana cikin masu kaucewa, yawancin gidajen suna da bogar kifi ko ta tsirrai irin su Impossible da Beyond, sai dai ita ma a kan ƙarfe ɗaya ake gasa ta da sauran, sai ka roƙi a canza kasko. Ka kuma duba bogar da aka sa wa sunan kyaftin ko igwa: girmanta yakan zo ne daga nama biyu, cuku, soyayyar albasa ta kwaɓin giya, da naman alade a sama. Ɗanyen nauyi ake rubutawa, bogar rabin laba, wato kimanin giram 227, takan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu a wuta.

Wata 'yar'uwa daga Kumasi: Yaya zan gane kifin mai kyau ne, ba adon bango kawai nake biya ba? Kuma mene ne "market price" da ake rubutawa maimakon farashi?

'Yar'uwa, "market price", ko haruffan MP, na nufin farashin ranar, yana hawa yana sauka da kasuwa. Akan sa shi a kan ƙaguwa da lobsta (babban ɗan'uwan jatan lande) da kifin da aka kamo a ranar. Kada kunya ta hana ki tambaya, ki ce nawa ne, kuma nauyin nawa ne. Mutane da yawa a nan suke faɗawa rami, sai takardar biya ta zo su ga faranti ɗaya ya cinye kuɗin uku.

Babban farantin da ake tara soyayyen kifi da jatan lande da sauran tarkace a kan tulin dankali shi ne abin da gidan ya fi cin riba a kai, kuma shi ya fi ɓoye aibi, don kwaɓi da mai suna rufe komai. In kina son sanin hannun mai dafuwa, ki nemi kifin ranar a gasa shi, ko a yi masa irin gashin New Orleans da ake shafe shi da yaji da man shanu a ɗora a kaskon ƙarfe mai tsananin zafi har bayansa ya yi baƙi. Ki tambayi sunan kifin da inda aka kamo shi. Ma'aikacin gidan kirki zai amsa nan take ko ya je ya tambayo. Wannan tambaya tana da dalili: binciken da ƙungiyar kare teku ta Oceana ta fitar a 2013 ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na kifin da ta gwada a Amurka ba shi ne abin da aka rubuta ba. A Fulorida akan yi wa kifin "grouper" wannan, a ba ki wani farin kifin kiwo mai araha daga Asiya, dangin tarwaɗa, da sunansa. Na gaskiyar tsokarsa mai kauri ce, tana ɓarewa manya-manya. In an kawo miki siriri lafiyayye mai laushi, farashin kuma ya yi arha fiye da kima, da walakin.

Daskararre ba aibi ba ne. Ƙafafun ƙaguwar ƙanƙara daga Alaska da Kanada suke zuwa, an dafa su an daskarar tun can, ɗumamawa kawai ake yi. Yawancin jatan landen da ake ci a Amurka ma daga waje ake shigo da shi a daskare. Abin da ke da lokaci shi ne na gida: a Fulorida ana kama ƙaguwar dutse daga 15 ga Oktoba zuwa farkon Mayu, lobsta mai ƙaya kuma daga 6 ga Agusta zuwa ƙarshen Maris. Wanda ya ce miki sabuwar ƙaguwar dutse ce a watan Yuli, daga firiza ta fito.

In abinci ya iso, hanci ne alƙali na farko. Warin da ke hawa kai kamar na fitsari a jikin jatan lande ko kifi alamar ya fara lalacewa ne, kada ki ɗanɗana, ki mayar. Kifin da ya dahu daidai ya bar sheƙin ɗanye, yana rabuwa da cokali mai yatsu, tsakiyarsa ta kai digiri 63. Jatan landen da ya lanƙwashe kaɗan ya yi daidai, wanda ya naɗe ya zama zobe ya wuce wuta, zai yi tauri. Soyayyen da ya jiƙe da mai har takardar ƙasansa ta yi sharkaf, an jefa shi ne a man da bai kai zafi ba. Ana son man ya tsaya tsakanin digiri 175 da 190, in aka cika kwandon suya lokacin cunkoso zafin yakan faɗi, kwaɓin ya sha mai maimakon ya ƙame. Ɓawon da ya yi duhu da ɗaci alhali cikin bai gama ba, tsohon mai ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa muke ce wa mutane su je da wuri, tsakanin ƙarfe biyar da shida na yamma, ko da rana, lokacin da farashi ma yakan yi ƙasa.

Lambobin da kike gani kusa da jatan lande, kamar 16/20 ko 31/40, adadin da ke cika laba ɗaya ne, wato giram 454. Ƙaramar lamba, manyan jatan lande. Ƙaguwar ƙanƙara kuwa kusan rabin nauyinta ɓawo ne, laba ɗaya damƙa biyu ce, babba mai jin yunwa sai ya ci laba ɗaya da rabi. Cinta da dabara ne: ki karya ƙafar a gaɓa, ki zare siririyar jijiyar da ke biyo baya, ki kama dogon sashen da hannu biyu ki lanƙwasa a hankali har ɓawon ya tsage ta gefe ɗaya, ki juya ki tsaga ɗayan, sai ki ja, naman ya fito a dunƙule. In ya manne yana yagewa, an wuce da shi a tururi ko ya daɗe a firiza. Ki kuma lura da kek ɗin ƙaguwa mai araha da salak ɗin ƙaguwa, wani lokaci niƙaƙƙen farin kifi ne aka rina aka ba shi ɗanɗanon ƙaguwa.

Magidancin Kaduna ya ƙara da cewa: Nawa zan tanada, kuma dole ne in ba da tukuici?

Farashin da ke takarda ba shi ne abin da za ka biya ba. Ana ƙara harajin saye a ƙarshe, a yankin Orlando kashi 6.5 cikin ɗari ne. Tukuici kuwa doka ba ta tilasta shi ba, amma al'ada ta mayar da shi haƙƙi, domin dokar tarayya ta yarda a biya mai kai abinci dala 2.13 kacal a awa, ragowar daga hannun baƙi yake fitowa, ko da yake jihohi irin su Fulorida sun ɗaga nasu sama da haka. Abin da aka saba shi ne kashi 18 zuwa 20. A ce abincinku ya kama dala 150: haraji kusan dala 10, tukuici dala 27 zuwa 30, ka tashi a wajen dala 190. Ku da kuke mutum shida, ka duba takardar biya da kyau, gidaje da yawa suna saka tukuicin kashi 18 da kansu ga tawagar da ta kai shida ko takwas, sannan su bar layin tukuici a buɗe a ƙasa. Wanda bai karanta ba sai ya biya sau biyu. A gidan wasa ma tikiti yawanci bai haɗa da tukuici ba.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne kofin tunawa da ake cajinsa daban, hoton da ake ɗaukarku a ƙofa, da shagon takubban roba da huluna da aka ajiye a hanyar fita. Ka yanke wa yara abu ɗaya-ɗaya tun a mota. Ruwan famfo da ƙanƙara kyauta ne in ka nema, lemon inji galibi ana ƙara cikawa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Farantin Amurka babba ne, manya biyu da yara huɗu ba sa buƙatar faranti shida, huɗu da ƙarin shinkafa ko masara sun isa. Ka tambaya ko suna cajin raba faranti.

Wata mai juna biyu daga Maroua, yanzu a Myrtle Beach: Wata shida gare ni. Zan iya cin abincin teku?

Za ki iya, 'yar'uwa, har ma ana so, Allah ya sauke ki lafiya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka tana ba masu ciki shawarar cin kifi sau biyu zuwa uku a mako, jimilla giram 227 zuwa 340, daga nau'in da ba shi da sinadarin zaiba da yawa: jatan lande, salmon, tarwaɗa, karfasa, ƙaguwa, da fararen kifin nan da ake soyawa da dankali. Waɗanda za ki ƙaurace wa su ne manyan masu cin 'yan'uwansu, don a jikinsu zaibar ke taruwa tana kuma cutar da ƙwaƙwalwar jariri: kifin shak, kifin takobi, "king mackerel", "marlin", "orange roughy", tunar "bigeye", da "tilefish" na mashigin tekun Meziko. Kifin takobi yana yawan fitowa a irin waɗannan gidaje saboda sunansa ya dace da adon, ki kula.

Ɗanyen abu kada ki kusance shi, musamman kawa da ake jerawa a kan ƙanƙara. Ruwan ɗumi na gaɓar kudu yana ɗauke da ƙwayar Vibrio, ta fi yawa daga Mayu zuwa Oktoba, kuma nau'inta mafi muni yana kashe kusan mutum ɗaya cikin biyar da ya kama. Lemon tsami da yaji ba sa kashe ta, wuta kaɗai ke yi. Wannan gargaɗi ba naki ke kaɗai ba ne. Duk mai ciwon hanta ko ciwon suga yana cikin waɗanda ta fi yi wa illa, kuma ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikin mutanenmu, da dama ba su ma san suna ɗauke da shi ba. Ki gaya wa maigida shi ma ya ci dafaffiya.

Wata uwa: Ɗana yana yin borin jini in ya ci jatan lande. In na saya masa boga kawai, ya tsira?

Ba lallai ba, Hajiya. Dankalin da zai zo da bogar wataƙila a man da aka soya jatan lande aka soya shi, kuma furotin ɗin da ke tayar da borin ba ya mutuwa da zafi. Tururin tukunyar ƙaguwa ma yana iya tayar wa wasu. Wanda jatan lande ke yi wa haka, yawanci ƙaguwa da lobsta ma suna yi masa, dangi ɗaya ne. Ki faɗa tun a ƙofa, ki nemi magana da manaja, a rubuta a takardar da ke shiga kicin. In likita ya taɓa rubuta masa allurar gaggawa ta adiranalin, ta kasance a jakarki, ba a mota ba. Kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, ko amai haɗe da jiri: a yi masa allurar a cinya nan take, a kira lambar gaggawa ta 911, ko da ya ji sauƙi a kai shi asibiti don yana iya dawowa bayan awanni. In ya taɓa yin mai tsanani irin wannan, gaskiya gidan abincin teku ba wurin zuwansa ba ne, ku kai shi ya ga jirgin da adon, ku ci a wani wuri.

Akwai wani abu mai kama da bori wanda ba shi ba ne. Tuna ko "mahi-mahi" da aka bari ya yi ɗumi bayan kamawa yakan tara sinadarin histamin, mai ci ya ji ɗanɗanon yaji ko ƙarfe a baki, cikin mintuna fuska ta yi ja, kai ya sara. Dafuwa ba ta kawar da shi. In mutum biyu a teburi suka ji haka daga kifi ɗaya, a daina ci, a sanar da gidan, a nemi likita in numfashi ya canza.

Tambaya ta ƙarshe, daga ɗalibin Tampa: Ragowar abinci fa, in tafi da shi?

Ka tafi da shi in gida za ka wuce kai tsaye. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, in zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ne, kuma lissafin yana farawa daga lokacin da aka ajiye farantin a gabanka, ba lokacin da ka fita ba. Motar da aka rufe a ranar Fulorida ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, in za ku biya bakin teku ko kasuwa, ka bar shi. Wanda ya isa firji a kan lokaci a cinye shi cikin kwana biyu, a ɗumama har tsakiyarsa ta kai digiri 74. Soyayyen kifi a tanda ake ɗumama shi, minti 10 zuwa 12 a digiri 180, don na'urar ɗumama abinci tana jiƙa ɓawon. Naman ƙaguwa kuma ka cire shi daga ɓawo tun a daren, ka rufe shi a roba mai murfi.